Marin da Kailani Ya Haɗiye

Kailani mai fasa dutse, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai zuciya a kusa. Rabin duwatsun niƙan Tudun Wada daga hannunsa suka fito, haka ma giɓin da ke bakin maza da dama. Ran da ya yage wa wani mahauci kunne a kasuwa, alƙali ya rantse: in ya sake taɓa ɗan mutum, sai ya bar garin, da shi da matarsa Saratu da 'ya'yansu.

A 1957 wani Bature ya zo da tafintansa, Muntaka, suka ɗauki Kailani aiki ya faso musu guntun dutse. Wai dutse, tun ranar da ya daskare, yana riƙe da alamar inda arewa take. In an auna shi a Ingila, za a gane ko ƙasar nan ta taɓa gusawa daga mazauninta. Kailani ya ce ikon Allah, shi dai a nuna masa inda zai fasa. Baturen ya aza kamfas, na'urar nuna arewa, ya zana kibiya a jikin dutsen, ya gargaɗi Muntaka kada wuta ta kusanci wurin, don zafi na shafe alamar. Muntaka, sarkin rawar kai, ya mance bai faɗa ba.

Kailani kuwa ya yi yadda ya gada: ya jibga itace, ya hura wuta har dutsen ya yi jawur, ya sheƙa masa ruwa, ya tsage. Baturen na dawowa ya ga toka, ya dafe kai. Muntaka ya ga asirinsa zai tonu, sai ya ɗauke Kailani da mari gaban leburori, ya ƙara masa da bulala a fuska.

"Jaki kawai. Ban hana ka wuta ba?"

Jini ya cika wa Kailani baki. Ya suri guduma, leburori suka watse, Muntaka ya ja da baya ya faɗi rigingine. Wallahi Kailani ya so ya rotsa kan nan kamar tulu. Muntaka na kwance yana cewa, "Baba, dubi 'ya'yanka."

Kailani ya yi kururuwa, ya karkace, ya sauke gudumar a kan dutsen da iya ƙarfinsa. Ɓarɓashi mai zafi ya tashi ya shige idonsa na dama, idon ya fashe, ruwansa ya gangaro har gemu.

A kan ƙyaure aka kai shi gida. Saratu ta fito da kuka, ya laluba ya kamo hannunta.

"Kwantar da hankalinki, Saratu. Ban taɓa shi ba."