Ɗinkin Tsakiyar Wando

Shekara talatin Tela yana zaune a shagonsa, bai taɓa yin nisan da ya wuce kasuwar yadi ba. Ranar da ya ce zai hau keke ya je garin da 'yarsa take aure, tafiyar kwana biyar, matarsa ta yi dariya har da riƙe ciki.

Bai kula ta ba. Ya sayi keke na hannu, ya addabi maƙwabcinsa mai gyaran keke da tambaya: faci nawa ake ɗauka, ruwa gora nawa, me ya sa sarƙa take kuka a hawa? Ƙafafu kam bai damu da su ba, sun saba da aiki.

Gwajin farko ya yi awa uku a hanya, ya dawo yana tafiya a tattale. Ƙafa lafiya lau. Abin da ya ci masa fata shi ne ɗinkin tsakiyar wandonsa, mai ninki biyun nan da yake alfahari da shi. Ya juya wandon, ya shafa kaurin da yatsa kamar yau ya fara ganinsa.

Sai ya leƙa wurin mai gyara, wanda Tela ya shekara ashirin yana yi wa ɗinki.

"Maƙwabci, kai ɗinkin wandon nan ba ya cin ka a kan sirdi?"

"Kullum."

"Amma ba ka taɓa faɗa ba!"

"Ai na ɗauka haka wando yake."

Tela ya laluba aljihu ya zaro rezar farke ɗinki.

"Kwaso min wandunanka duka. Tafiyar ta jira."