Bindigar da na zaɓa da sujada

Na daɗe ina jujjuya maganar nan kafin na rubuta, don kada a ce ina fariya da makami a gari mai alfarma.

Da kamfanin tsaro ya ɗauke ni aikin rakiyar mota a unguwar Kudai, a nan ƙasa mai tsarki, bayan an gama horo, mai kula da ɗakin makamai, wani dattijo ɗan unguwar Mansur, ya ajiye mini ƙananan bindigogi biyu in zaɓa. Ɗaya mai nauyi ce, harsashinta kamar babban yatsa, ɗayar kuma siririya mai ƙaramin harsashi. A ƙugu ake ɗaurawa kowa yana gani, ba a cirewa sai an tashi aiki. Ni kuwa salla ce damuwata. In ba za ta yiwu da bindiga a jikina ba, sai dai in bar aikin.

Na ɗaura babbar na sunkuya, ta soke ni a haƙarƙari. Na ɗaura ƙaramar, na yi ruku'u, na yi sujada, na zauna, ko motsi ba ta yi ba.

Dattijon ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Ɗana, kowa nisan harbi yake tambaya, kai kuma sujada."

Na ce, "Baba, ai sujadar ce ta kullum."

Na zaɓi ƙaramar, na koma gida da aikina, ina murna kamar ranar idi.

Sai dai kubenta na fata ne daga ƙasar waje, ban san ta wace dabba ce nake salla da ita ba. Wanda ya san yadda ake ganewa, don Allah ya sanar da ni.