Hankakan da Aka Aika Duba Hayaƙi

A gidanmu na unguwar Diguel, da an idar da magariba Hajja Zara, mahaifiyar babanmu, takan zauna gaban murhu tana gasa gyaɗa, mu kuwa mu kewaye ta. Ƙanwata Maryama kaɗai ake zaunarwa can bakin zaure, nesa da wuta, saboda ƙirjinta. Duk ranar da masu toya bulo a bayan unguwa suka kunna wuta, numfashinta sai ya koma fito. Ni dai tsoro nake ji, kunnena ɗaya na wajen Hajja, ɗaya na wajen Maryama.

Sau uku babanmu yana kai ƙara. Masu bulo suka ce hayaƙin ba nasu ba ne, na ƙonar daji ne daga ƙetaren kogi, in yana musu ya kawo shaida. Ranar da ya dawo daga na ukun ko tuwo bai taɓa ba. Hajja ta dube shi, ta dube mu.

"Ku matsa," ta ce, "ga baƙuwa ta iso, ku ba ta tabarma." Haka take buɗe tatsuniya.

Wai garuruwa biyu ne kogi ya raba, maƙera a nan, masu toya tukwane a can, yaran kowane gari suna ta tari. Sarakunan suka haɗu cikin kwalekwale a tsakiyar ruwa, kowa ya ce hayaƙin maƙwabcinsa ne. Sai aka aiki hankaka, lokacin yana fari fat, ya tashi sama ya gano gaskiya. Ya dawo fukafukai sun yi baƙi, ya ce hayaƙin ya gauraye a sama, sai dai kowa ya rage wuta. Sarkin maƙera ya ce ai ranar iska ta karkace, a sake. Ɗayan ya ce ai bai duba da damina ba, a sake. Haka aka yi ta aikensa har ya rine, saura ɗan fari a ƙirji.

"Ka san abin da suka ce masa, Sale?" Hajja ta nuna ni da tsinken murhu. "Suka ce, kai da ma can baƙi ne, wa zai yarda da kai? Kalas, magana ta ƙare. Aka ci, aka sha, aka sa ranar wani zama."

"Yaran fa, Hajja?"

"Jikana, yara ba a kira su cikin kwalekwalen ba."

Sauran suka yi dariya. Ni ban yi ba.

Yau aikina auna iska, har ina raka wakilanmu taron ƙasashe kan gurɓatarta. Na gane sarakunan ba lallai mugaye ba ne; kowa yana tunanin maƙeransa da abin da za su ci in an kashe wuta. Mu masu awo kuma gaskiya ta tilasta mana mu faɗi inda muke da shakka. Da ka faɗa, nan za a kama, kamar an ba kura ajiyar nama. Wannan ne ke ɗaga mini hankali, don ban san yadda zan yi gaskiya ba tare da na miƙa musu uzuri ba.

Bayan taron da muka yi na ƙarshe Maryama ta kira ni a waya. Tana magana tana tsayawa ta ja numfashi.

"Yaya, me suka ce?"

Na ce mata sun ce a sake aunawa.