Kofin Shayin Attakoya

Shekara talatin da huɗu ke nan, duk ranar da jirgin ruwan tsibiranmu zai tashi daga birnin Kochi, Attakoya ne ke riga kowa tsayawa a bakin matakala. Kafin nan ya zagaye ɗakunan fasinja, ya shimfiɗa zannuwan gado, ya murɗa kowane famfo ya ga yana kawo ruwa. Sai ya tsaya da farar rigarsa, makullai rataye a ƙugu, yana kallon masu hawowa. Duba tikiti aikin wasu ne. Shi mutane yake dubawa: wa ke dafa ƙarfe kafin ya ɗaga ƙafa, wace ce ke da juna biyu, wane tsoho ne ya ƙanƙame ledar magani. A ƙarshen watan nan zai ajiye makullan, ni kuwa ba zan jira sai ba ya nan in yabe shi ba.

Mu 'yan tsibiri muna da wani ciwo da ba ma faɗa. Mutuminmu ya gwammace a kira shi marowaci da a ce teku ya juya masa ciki. In kuma ya ɗan samu a Kochi, ɗakin sama yake kamawa, mai taga, kusa da baƙi masu yawon buɗe ido, don a gan shi yana saukowa daga can. Ɗakunan ƙasa rami muke ce musu, ba taga, ga kukan inji. Attakoya ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan mutane zuwa ramin nan, ana hararar sa a Kochi, ana sa masa albarka a tsibirinmu Kalpeni. Kasmi mai dafa abincin jirgin ya ce a gabansa Attakoya ya taɓa sauko da wata mai ciki wata takwas, mijin na bin su yana kumfar baki, kuma yaron da ta haifa lafiya lau yau shi ke tuƙa kwale-kwale a tsibirin Amini.

Ni ma na shiga hannunsa, da damina, shekara shida da suka wuce. Ummata, Muthubi, idonta na hagu ya daɗe da mutuwa, na damar aka yi wa aiki a Kochi, za mu koma gida. Likita ya maimaita mini sau uku: kada ta yi amai, kada ta yi yunƙuri, in ɗinkin ya ɓalle ta rabu da gani ke nan. Na ji, na gyaɗa kai, na je na kama mata ɗakin sama na can gaba. Lokacin na fara samun kasuwar busasshen kifi, kaina ya ɗan kumbura.

Attakoya ya tare mu a matakala, ya dubi bandejin da ke fuskarta.

"Ina za ka da ita?"

"Sama, Ikka," na ce, yadda muke kiran duk wanda ya girme mu. "Mai taga na kama mata."

"Da wane idon za ta kalli tagar?"

Na ce ba maganar taga ba ce, maganar daraja ce. Ya ce teku zai tashi kafin la'asar, a sama kuma amai ba ya neman izini. Umma ta ji, ta ɗago kai.

"Ni ce zan yi amai? Yaro, 'yar masunci ce ni, matar masunci. Tun ba a yanke maka cibi ba nake shiga teku."

"Na sani, Umma," in ji shi. "Duk haka kuke cewa, ni kuma nake wanke bokitin."

Bai ja da ita ba. Ya roƙe ta ta ɗan huta a wani ɗakin ƙasa, a tsakiyar jirgi, kafin cunkoson matakala ya ragu. Sai ya kawo kofunan ƙarfe biyu cike da shayi har baki. Ya ajiye ɗaya a ƙasa kusa da gadonta, ya ja ni sama ya ajiye ɗayan a ɗakina mai daraja.

"In an yi la'asar ka duba su duka biyun, sannan ka zaɓar wa uwarka."

Ban kai ga la'asar da mutuncina ba. Muna fita sarari teku ya fara aikinsa. Kofin sama ya gangara ƙarƙashin gado babu ko ɗigo a ciki, ni ɗan masunci jikan masunci na durƙusa na rungume bokiti. Da na tuna da idon Umma tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba. Na sauka ina bin bango. Na tarar Attakoya ya tokare mata kai da matasai biyu, tana cin shinkafa da romon kifi tana ba shi labarin aurenta. Kofin na nan inda aka ajiye shi, ɗan kaɗan ne ya zuba.

"Jirgi bishiyar kwakwa ne, ɗan'uwa," ya ce. "Kanta ne ke kaɗawa, gindinta na nan. Zauna, kafin ka ɓata mini ɗaki."

Bayan mako biyu aka cire bandejin. Umma ta dube ni ta ce na rame.

Attakoya, kai ne mai saukar da mutum ƙasa ba tare da ka zubar masa da girma ba. Kai ne ka san halinmu sarai, ka bar mu da fankamarmu, ka ceci cikinmu. Ba a taɓa kiran sunanka a lasifikar jirgi ba sai in famfo ya toshe, amma a gidajen tsibiran nan da wuya a rasa wanda ya kwana lafiya a ɗakin da ka zaɓar masa yana gunaguni.

Makon jiya jirgin ya tsaya a Kalpeni, Umma ta ce sai an kai ta, domin ba ta taɓa ganin fuskarsa ba. Muka shiga kwale-kwale zuwa inda jirgin yake, aka kama hannunta ta hau. Tana jin muryarsa ta juya, ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

"Ashe ɗan tsurut ne kai. Da wannan murya na ɗauka ƙato ne. Matso, maɓallinka na lilo."

Ta ciro allura daga bakin mayafinta, ta zura zare da kanta a karo ɗaya, ta ɗinke maɓallin yana tsaye. Attakoya ya ɗaga kai yana ta kallon rufin jirgi har ta gama.

Mun gode, Ikka. Allah Ya ba ka hutu mai daɗi, Ya sa ƙasa ta daina yi maka lilo da wuri. Ku kuma da za ku gaji makullansa, ku koyi duban mutum kafin tikitinsa, ku jure harara. Duk wanda ya ce muku aikin shimfiɗa gado ne kawai, ku turo shi Kalpeni ya ga Ummata tana zura zare.