Bayan Hannun Yaya Lawal

Shekara talatin da shida ke nan da aka kai yayana Lawal makwancinsa a Malumfashi. Na saba tuna shi ni kaɗai a kan sallaya. Bana kuwa ɗana, takwaransa da muke kira Kawu, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ya samu aiki a ƙasar waje, yana jiran albarkata, ni kuma ina ta jan ƙafa.

Yaya Lawal injiniya ne a wani ofishin aikin gona a Funtua, zamanin da auduga ke da daraja. Yana da wata ɗabi'a da muke yi masa tsiya a kanta. Duk injin da ya gani, sai ya ɗora masa bayan hannu, yadda Inna ke duba mu in zazzaɓi ya kama mu. Injin niƙa, janareto, har rediyon Baba bai tsira ba. Cewa yake zafi ne ke nuna inda ake aikin.

A lokacin, bayanan gonakin yankinmu ana huda su a kati, a loda a mota, a kai wa wata ƙatuwar kwamfuta a Kaduna. Daga can amsa ke dawowa, ga irin da za a shuka, ga takin da za a zuba, daga Danja har Maska. Sau ɗaya ya shiga ɗakin da take. Ya dawo da mura, ya ce ana sanyaya ta kamar gawa, kuma an hana shi taɓa ta. Tun ranar bai yarda da ita ba. Bai taɓa cewa tana kuskure ba. Abin da ya dame shi, ba wanda ya san mai gaya mata abin da za ta auna.

Da ƙananan kwamfutocin tebur suka fara shigowa, ya yi murna kamar an yi masa haihuwa. Ya ce mini, “Hajara, babbar an gina ta don ta ɗauki aikin jama'a da yawa a lokaci ɗaya, ba ruwanta da fuskar kowa. Wannan kuwa mutum ɗaya take saurare.” Aka yi masa tayin ƙarin girma ya koma wurin babbar, ya ƙi. Dangi suka ce taurin kai ne. Ni ma na faɗa, har yau kuma ban gama janye maganar ba, don iyalinsa sun ji jiki.

Yanzu ga Kawu zai je zana ƙwaƙwalwar irin waɗannan manyan injuna. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani da haƙuri. Ta cikin waya, in ji shi, ana tsara ta ne ta amsa wa mai ita da sauri, kada ta cinye batir. Ta manyan rumbunan bayanai kuwa, ƙananan ƙwaƙwale ake jerawa birjik a guri ɗaya, suna aiki dare da rana, suna shan wuta, ana bin su da sanyi. Na ce to wa ke shiga ɗakin? Ya yi dariya, ya ce, “Umma, ai ba a shiga.” Dariyar ba ta kwanta mini ba.

Ina tambayar kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Ƙaramar da ya yi wa fata ta shiga aljihun kowane manomi. Maƙwabcina yana tambayar wayarsa yaushe damina za ta sauka, ta ba shi amsa kafin ya rufe baki. Da farko na ɗauka Yaya ne ya yi nasara. Rannan na ari wayar, na yi mata tambaya mai tsawo a kan tsutsar masara, ta zubo amsa. Ban san lokacin da na ɗora mata bayan hannu ba. Sanyi ƙalau. Ashe ba ita ke aikin ba, wata babba ce can nesa take aika wa tambayar. Motar katin nan ce dai har yanzu, sai dai ba ma ganin tafiyarta.

Yaya bai bar gadon gida ba, bai bar na gona ba. Abin da ya bari shi ne wannan hannun da ya ƙi yarda sai ya taɓa, ga shi ya biyo ni har tsufa. Allah Ya jiƙansa.

Jiya na kira Kawu na sa masa albarka, don ba ni da ikon tsare shi. Da ya durƙusa, na dafa goshinsa na daɗe. Na ce, “Kawunka an hana shi taɓa babbar. Kai da za ka gina ta da hannunka, in ka dawo ka gaya mini wa take yi wa zufa.” Wannan karon bai yi dariya ba.