Ruwan da Kalilu Ya Koya wa Komowa

Kalilu ya ɗora bakin sandar ƙarfe a kan bututu, ya kai ɗaya bakin ga kunnensa, ya lumshe ido. Haka yake fara kowace safiya, tun shekarun da Birnin Kebbi ke karɓar umarni daga Sakkwato, yana mai gyaran famfo. Ba ya tona ƙasa sai ya ji inda ruwa ke kuka.

Ɗan masunta ne daga Argungu. Yana saurayi gulbi ya ɗauki mahaifinsa a wata damina, da shi da gorarsa da homarsa ta kamun kifi, ko hula ba a tsinta ba. Tun daga nan Kalilu ya bar sana'ar su. Ya zaɓi ruwan da ke cikin bututu, wanda ake buɗewa a rufe.

Gidan da yake saurare a safiyar nan na Oladipo ne, Bayaraben da ke sayar da kayan mota. Oladipo ya ɗauko mahaifiyarsa, Iya Bimbo, daga wani ƙauyen bakin teku saboda idanunta sun dushe. Tun da ta zo take ture akushi. Ta ce garin ya yi shiru da yawa, tuwo ba ya wuce mata. Tana ramewa, zobe na zamewa daga yatsanta. Shi ya sa ɗan ya sa aka haɗa akwatin gilashi a ɗakinta, motocinsa suka kawo ruwan teku a duro daga Ikko, da ƙananan kifaye masu launi, da duwatsun murjani masu rai. Aka ce wa Kalilu ruwan kada ya tsaya, in ya tsaya murjani ya mutu.

Ya yi aikin da kyau. Ya sa bututun roba don gishiri na cin ƙarfe. Inji na tura ruwa daga gabas, ya bi ta kan duwatsu, ya faɗa rariya a yamma. Ruwa mai kai ɗaya, kamar gulbin Rima. Wani irin tafiyar ruwa kuma bai taɓa gani ba.

Murjanin ya soma fari ta gefe guda, kamar furfura. Tsohuwa ba ta taɓa abinci ba.

"Malam Kalilu, na ce ka kawo teku, ka kawo mini Argungu," in ji Oladipo, yana dariyar da ba ta kai ciki ba. "Saura mu kira makaɗa a yi bikin su."

"Maigida, ruwa shina gudu, ba ka gani? Mi ar rage?"

Iya Bimbo ta lalubo bakin akwatin, ta tsoma hannu har gwiwar hannu. Ta jima. Ta yi magana da Yarabanci, ɗanta ya mayar da Hausa, muryarsa ta sauka.

"Ta ce wannan ruwa tafiya kawai yake yi. Nasu yana zuwa, ya koma, ya sake zuwa. Ta ce duk abin da teku ya ɗauka yakan dawo da shi gaɓa, ko ba daɗe ko ba jima." Sannan ya ƙara da tasa maganar. "Babana ya fita da kwalekwale ina goye, bai dawo ba. Kullum takan zauna a bakin ruwa. Ni na raba ta da wurin."

Kalilu ya dubi ruwan da ke wucewa yamma. A wajensu, wanda gulbi ya ɗauka sai a bi shi da addu'a, ba wanda ke zaman jiransa.

Ya koma gida ya yi ta zane a ƙasa da tsinke. Daga baya ya rataye bokiti a kan sanda a saman akwatin, ya karkatar da bututun zuwa cikinsa. In bokitin ya cika sai nauyi ya kifar da shi, ruwa ya tunkuɗa zuwa bango, ya doku, ya dawo. Bokiti ya miƙe, ya sake cika.

Da hantsi suka gwada. Ruwa ya tafi, ya komo. Rassan murjani suka kwanta, suka tashi. Ɗakin ya soma numfashi kamar akwai mai barci a ciki.

Tsohuwa ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. Ta juya ga gilashin, ta yi wata gaisuwa mai taushi irin ta mace ga mijinta, ta dakata kamar ana amsa mata. Sannan ta ce wani abu ba tare da ta waiwayo ba.

"Ta ce a kawo abinci," in ji Oladipo. Bai yi murmushi ba. "Kwano biyu."

Kalilu ya tattara ƙarafansa a buhu, a hankali, kada su yi ƙara.

"Iya, a tashi lahiya," ya ce.

Ba ta ji shi ba. Ya sa takalmansa a bakin ƙofa, ya fita.