Daminar Kakata a Jidda

Shekarun baya kaɗan, ina ajin ƙarshe na firamare, kakata ta wajen uba ta zo ta zauna da mu a unguwar Safa, a Jidda. Umara ce ta kawo ta, ciwon gwiwa ya riƙe ta, mahaifina ya ce ba za ta koma ba sai likita ya sallame ta. Ƙarshen watan Agusta ne, ana shirin komawa makaranta. Wanda ya san Jidda ya san lokacin. Ka yi wanka, kafin ka sa riga ka sake jiƙewa. Gishiri ya dunƙule a kwalba. Mahaifina in ya fito daga mota tabaransa su yi fari, ya tsaya yana laluben ƙofa. Rutuba muke ce wa abin, wato laimar da teku ke turowa cikin iska.

Hajiya, kakar tawa, ba ta san da rutuba ba. Ita a Funtuwa, in iska ta tsaya cak, jiki ya yi danƙo, to hadari na hanya. Kullum da la'asar sai ta leƙa taga ta ce, "Ku kwashe shanya, ruwa na tafe." Mahaifiyata ta kwaso kayan da ɗanyensu. In Hajiya ta shiga ɗaki ta mayar da su.

A ƙasan jakarta akwai wani ƙullin tsumma. Irin yakuwa ne. Tun tana amarya take shuka shi a bayan ɗakinta, kowace shekara ta ci ganye ta ajiye iri. Da ta ga damina za ta wuce ta a nan, ga kuma iska na yi mata alkawarin ruwa, sai ta sa mai gadin benenmu ya samo mata tsofaffin bokitan fenti, mahaifina ya kawo ƙasa. Ta jera su a baranda ta shuka irin duka. Ko ƙwara ba ta rage ba.

Ruwan famfo kuwa ta ce ba zai taɓa shukarta ba. Ta ji an ce daga teku ake tace shi.

"Hajiya, wallahi an cire gishirin," in ji mahaifina.

"Kai ka cire? Ni na shinshina, warin asibiti yake."

Na sha kuma, wanda mahaifina ke hawowa da shi a kafaɗa, ta ce zuba shi a ƙasa alhaki ne. Sai dai na lura in an ba ta ruwa a kofi, rabi take sha, ta lallaba baranda da sauran. Da wannan rabin kofin yakuwar ta tsiro, sirara, kamar zare. Ba a jima ba ganyen ya fara lanƙwashewa, bakinsa ya yi ruwan ƙasa.

Bayan labarai akan nuna taswirar yanayi a talabijin. Hajiya ba ta jin Larabci, amma ta gane hoton gajimare. Akwai shi kuwa kusan kullum, can kan duwatsun Ɗa'if da kudu, a taswira kamar ka miƙa yatsa ka jawo shi Jidda.

"Me ya ce?"

"Ya ce ana sa rai, Hajiya," mahaifina zai amsa, idonsa a kan waya.

Ni na san ba haka mutumin ya ce ba, don na fi kowa Larabci a gidan. Amma ni ce yarinyar da in malama ta yi tambaya, ko na san amsa, sai in duƙufa ina gyara fensir.

Wata ranar mahaifina ya yi dare a wurin aiki, mahaifiyata na kicin. Taswirar ta fito. Hajiya ta taɓo ni da carbinta.

"Ke 'yar Larabawa, fassara min. Kar ki rage komai, ubanki gajarta magana yake."

Na kalli ƙafafuna na ce, "Ya ce gobe zafi. Rutuba za ta ƙaru a bakin teku, da safe za a ga hazo. Ruwan sama a kan duwatsu ne kawai."

"Nan fa?"

"Nan ba ya zuwa yanzu, Hajiya. Sai wajen sanyi. Wata shekarar ma sau ɗaya."

"Wannan gumin duka?"

"Haka yake. Ba ya zama komai."

Ta daɗe tana jan carbi. Can ta ce, "To. Allah ya yi miki albarka." Ta tashi ta shiga ɗaki. Na zauna ina jin kamar ni na hana ruwan.

Washegari da sassafe ta ce in raka ta ƙasa ta miƙe ƙafa, yadda likita ya ce. Muna zagaya bayan bene ta tsaya. Gindin bangon a jiƙe yake sharkaf, har wata ciyawa ta fito a tsagin siminti. Ta ɗaga kai. Kowane mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana ɗiga ta bayansa, ɗis, ɗis.

"Wa ke zuba wa waɗannan ruwa?"

"Ba kowa. Daga iska suke tatsowa. Malamarmu ta ce in rutuba ta yi yawa sun fi zuba."

Ta tara tafin hannu, ta jira ya taru, ta shinshina, ta ɗanɗana da bakin harshe. Sai ta dube ni.

"Ashe ban yi ƙarya ba. Ruwan na nan, saukowa ce ba ya yi da kansa."

Kafin azahar babbar robar wankinmu ta koma ƙarƙashin mukayyif ɗin falo, wanda bayansa ke baranda. Mahaifina ya dawo ya tarar. Ya buɗe baki, ta ce, "Kai dai je ka ci gaba da sa rai." Ya yi dariya har da riƙe bango, ya ce, "Halas, shi ke nan, Hajiya, na tuba."

Daga ranar ni ce mai fassara. In na ce gobe rutuba za ta yi tsanani, mahaifiyata ta yi tsaki, mahaifina ya dafe kai, Hajiya ita kaɗai ta ce alhamdu lillahi. Da yawan shukar sun riga sun mutu. Waɗanda suka rage suka miƙe a hankali, karansu ya yi ja. Ganyen bai isa miya ba, a faten tsaki ta yayyanka shi, ta hana a taɓa biyu mafi ƙarfi har suka yi 'ya'ya suka bushe.

Har yanzu ban zama mai surutu ba, kuma har yanzu nakan gyara fensir in an yi tambaya. Amma nakan tuna cewa duk gidan saboda ƙauna suka ɓoye mata, yakuwar kuma tana bushewa. Ni ban yi wata dabara ba. Abin da mutumin talabijin ya faɗa na maimaita, sauran ita ta gano abinta.

Da gwiwar ta yi sauƙi ta koma gida da sabon ƙulli a ƙasan jaka. Damina ta gaba ta kira, ta ce a ba ni wayar. Ina jin ruwa na dukan kwano a bayanta.

"'Yar Larabawa, yakuwa ta fito. Bayan ɗaki ya cika. Maƙwabta sun hana ni sakat, wai kowa sai na ɗiba masa, tunda irin ya je Umara."